SAURAYI MAI BISHARA A BAƘUWAR ƘASA

Abin karantawa: Ayyukan Manzanni 16:1-15
A duba kuma: Filibiyawa 2:19-30, 2 Timothawus 4:9-13
Ayar haddacewa: 1 Timothawus 4:12

Gabatarwa

'Yan'uwa, sau da yawa idan an ambaci masu kai bishara ƙasashen nesa, abin da yakan zo mana a rai shi ne babban taro, da wa'azi mai ƙarfi, da mutane suna tuba ɗari ɗari. Akwai ranaku irin waɗannan, amma kaɗan ne. Yawancin kwanakin mai bishara a baƙuwar ƙasa sukan ƙare ne cikin jira, da koyon harshe, da jinya, da kewar gida, da ƙananan ayyuka waɗanda ba mai rubuta labarinsu. A cikin waɗannan ne ake gwada bangaskiyarsa, a cikinsu kuma Ubangiji yake bi da shi. Wannan shi ne abin da muke so mu koya yau.

Za mu duba mutum biyu. Na fari shi ne Timothawus, saurayin Listira, wanda ya bar garinsu ya bi Bulus. Na biyu kuwa shi ne Likita Niels Bronnum, mutumin ƙasar Danmak, wanda ya iso Yola a shekara ta 1913. Tsakaninsu akwai shekaru fiye da 1,800, duk da haka za mu ga hanyarsu ta yi kama ƙwarai. Bari mai koyarwa ya sa a karanta nassin da ƙarfi tukuna, kowa yana bi a nasa littafin, sa'an nan mu ci gaba.

1. Saurayin da aka ɗauka (aya 1-5)

Timothawus ɗan gida biyu ne. Uwarsa Bayahudiya ce mai bi, ubansa kuwa Bahelene. Luka bai gaya mana cewa ya iya wa'azi ba, bai kuma ambaci wata baiwa tasa ba. Abu ɗaya ya faɗa, watau 'yan'uwa na Listira da na Ikoniya suna shaidarsa da kirki. Mu lura da wannan. Waɗanda suka san shi tun yana yaro, suka ga zamansa a gida da kasuwa, su ne suka tsaya masa. Wanda bai yi aminci a unguwarsu ba, ƙetare teku ba zai mai da shi amintacce ba.

Kafin su tashi, Bulus ya yi masa kaciya saboda Yahudawan da suke wuraren nan. Mun gani a sura 15 cewa manzanni da dattawa a Urushalima sun riga sun yanke magana, ba a bukatar kaciya domin ceto. Me ya sa fa Bulus ya yi haka? Domin kada Yahudawa su toshe kunnensu tun saurayin bai buɗe baki ba. Ashe abu na fari da Timothawus ya koya a aikin bishara shi ne ya bar abin da yake da iko ya riƙe, saboda mutanen da aka aike shi wurinsu. Wannan darasi yana nan har yau ga duk wanda zai zauna cikin mutanen da ba nasa ba. Zai ci abincin da bai saba da shi ba, ya koyi gaisuwarsu, ya durƙusa inda suke durƙusawa don girmama manya, ya bar waɗansu al'adunsa a gida.

2. Ƙofofin da aka rufe (aya 6-15)

Bulus da Sila da Timothawus suka ratsa Firijiya da Galatiya. Suka so su yi wa'azi a lardin Asiya, inda manyan birane suke, Ruhu Mai Tsarki ya hana su. Suka juya arewa za su shiga Bitiniya, nan ma ba a yarda musu ba. Ayoyi uku ne kawai a littafinmu, amma tafiya ce ta makonni da ƙafa, cikin rana da ƙura, ba tare da sun san inda za su ƙare ba. Mu tuna da saurayin nan a kan hanya. Ya bar uwarsa domin ya yi aikin Allah, ga shi kwana da kwanaki ba abin da yake yi sai ɗaukar kaya da bin manyansa a baya.

Sai da suka kai Taruwasa, bakin teku, inda hanya ta ƙare, sa'an nan Bulus ya ga wahayin mutumin Makidoniya yana roƙon taimako. Daga aya 10 mai rubutun ya fara cewa mu maimakon su, da haka muka gane Luka ya shiga cikinsu, shi wanda Kolosiyawa 4:14 ta ce likita ne. Suka shiga jirgi, suka bi ta Samutaraki da Niyafolis, suka isa Filibi. Can ma ba su sami taron da ke jiransu ba. Suka yi 'yan kwanaki, ran Asabar suka fita bayan gari zuwa bakin kogi, suka tarar da waɗansu mata sun taru domin addu'a, suka zauna suka yi magana da su.

Ga abin mamaki. Lidiya, wadda Ubangiji ya buɗe zuciyarta, mutuniyar Tiyatira ce, Tiyatira kuwa tana cikin lardin Asiya, ƙasar nan da aka hana su shiga. Bayan 'yan shekaru Bulus ya zauna a Afisa shekara biyu yana koyarwa, har dukan mazaunan Asiya suka ji maganar Ubangiji (Ayyukan Manzanni 19:10). Bitiniya kuma, mun same ta cikin jerin ƙasashen da Bitrus ya rubuta wa masu bi nasu wasiƙa (1 Bitrus 1:1). Ƙofofin nan biyu duka an buɗe su daga baya, a lokacin da Mai gida ya ga dama, ta hannun wanda ya ga dama.

3. Daga Danmak zuwa Binuwai

Yanzu bari mu dawo gida. A shekara ta 1904 aka kafa ƙungiyar mishan ta Sudan, wadda iyayenmu suka sani da suna S.U.M., ta ƙoƙarin wani Bajamushe, Dokta Karl Kumm. A zamanin nan Sudan na nufin dukan faɗin ƙasar baƙar fata da ke kudu da Sahara, har da ƙasarmu. A 1910 aka yi babban taron masu aikin mishan na duniya a birnin Edinbara ta Sikotilan, kiran Sudan ya kai kunnen waɗansu masu bi na Danmak. A 1911 suka kafa nasu reshen, suka shiga tara kuɗi da addu'a.

Mutum uku suka fara aikowa a farkon 1913. Su ne Likita Niels Bronnum, wanda aka haifa a 1882, da matarsa Margaret, mutuniyar Sikotilan, da wata budurwa mai suna Dagmar Rose. Suka sauka a Rumasha, wata tashar S.U.M. a bakin Binuwai, can ƙasa wajen Lakwaja, domin su koyi Hausa su kuma saba da ƙasar kafin su ci gaba. A nan ne, a watan Yuni na shekarar nan, Margaret ta haifi ɗa namiji, bayan kwanaki kaɗan ta rasu. Dagmar Rose ta ɗauki jaririn ta koma da shi Turai. Cikin 'yan watanni, mutum uku da aka aiko sun zama ɗaya.

Mu tsaya a nan kaɗan. Mutum ne mai shekara 31, likita, wanda ya koyi aikin ceton rai, ga shi matarsa ta mutu a gabansa. Ya binne ta a ƙasar da bai iya harshenta sosai ba, ya miƙa ɗansa na fari a hannun wata, jirgi ya tafi da shi. Har yanzu bai ga wurin da aka aike shi ba, bai yi wa kowa baftisma ba. Da ya koma gida tare da jaririn, ba wanda zai ga laifinsa. Duk wanda ya taɓa binne nasa ya san irin tambayoyin da sukan zo da dare. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye mana irin wannan ba, gama Bulus kansa ya ce a Asiya nauyin wahala ya fi ƙarfinsu har suka fid da zuciya ga rai (2 Korintiyawa 1:8). Bronnum ya ɗaure kayansa ya hau Binuwai, ya nufi Yola.

4. A ƙofar Yola

Ya kamata mu san irin garin da ya tarar. Modibbo Adama ne ya kafa Yola a 1841, ta zama gidan sarautar Lamiɗo, gari na malamai da alƙalai, wanda sunansa ya kai nesa. Baƙo ba ya shiga ya zauna sai da yardar masu gari. Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, ya iso Yola a 1851, bai yi mako guda ba aka sallame shi. A 1901 sojan Ingila suka ci garin, Lamiɗo Zubairu ya fita. A lokacin da Bronnum ya iso, Lamiɗo Abba ne a kan gado, Razdan kuma yana riƙe da lardin a madadin Gwamna. Jimeta, wadda take bakin kogi, ita ce mashigar jiragen ruwa, a nan fatake da ma'aikatan kamfani suke sauke kaya. Manyan jirage ba su iya kaiwa can sai a 'yan watannin da kogi ya cika, watau wajen ƙarshen damina. A irin wannan lokaci ne, a 1913, Bronnum ya iso.

Turawan mulki sun yi wa sarakunan Arewa alkawari cewa ba za su taɓa addininsu ba, saboda haka ba su yarda 'yan mishan su kafa tasha a garuruwan sarakunan Musulmi yadda suka ga dama ba. Kowane ɗan mishan sai ya nemi izini, a nuna masa inda zai zauna. Wannan ne ya kawo Bronnum Yola. Wurin da ya sami izinin zama shi ne Numan, ƙasar Bachama, inda kogin Gongola ya haɗu da Binuwai, kimanin kilomita 60 yamma da Yola. Mai haurowa daga Lakwaja yakan wuce Numan kafin ya kai Jimeta, saboda haka sai ya juyo baya. Ran 5 ga Oktoba 1913 ya sauka a Numan. Wannan rana ce ekklisiyar Lutheran ta ƙasarmu take lissafin farkonta, ta kuma yi bikin cikarta shekara 100 a 2013.

Mu lura da halinsa a ƙofar nan. Ya zo ya nemi izini, ya karɓi abin da aka ba shi, ya tafi inda aka buɗe masa. Haka Bulus ya yi a iyakar Asiya da ta Bitiniya. Akwai himma wadda takan ɓata aiki, ta mutumin da yake ganin kowace ƙofa rufaffiya abokiyar gaba ce, sai ya fasa ta. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Mai bishara baƙo ne, kuma baƙon kirki yakan yi sallama, ya jira a amsa, ya zauna inda aka shimfiɗa masa tabarma.

5. Zaman yau da kullum

Yaya rana ɗaya take ga baƙo irin wannan? Turawan da suka zauna a kwarin Binuwai a zamanin nan sukan sha kwini kowace rana saboda zazzaɓi, su kwana cikin gidan sauro, su tafasa ruwa kafin su sha. Mu da muke zaune a nan mun san zafin Maris da Afrilu, sa'ad da ma'auni yakan wuce 40, bare mutumin ƙasar ƙanƙara. Wasiƙa daga gida takan yi makonni masu yawa a hanya, kafin ta iso labarin cikinta ya tsufa. Likita kuwa ba ya rasa masu sallama: mai gyambo, mai ciwon ido, wanda maciji ya sara, uwa da yaro mai zafin jiki. Wanke miki da ɗaure shi aiki ne mai ƙazanta, yau a yi, gobe a sake. Ta wannan ne mutane suka fara sanin ko wane irin mutum ne ya sauka a garinsu, tun ba su gane maganarsa ba.

Sa'an nan ga harshe. Hausar da ya koya a Rumasha za ta taimake shi da fatake da ma'aikata, amma mutanen gari Bachamanci suke yi, harshen da ba shi da littafi a lokacin. Ba wata hanya sai ya zauna kamar yaro, ya nuna abu ya tambayi sunansa, ya rubuta, ya faɗa a yi masa dariya, ya sake faɗa. Mai ilimi ya zama almajirin manoma da masunta. An ce da ɗan gari akan ci gari, haka kuwa ya zama, gama ba Baturen da ya taɓa juya Maganar Allah cikin harshen wasu ba tare da masu harshen sun zauna da shi suna gyara masa ba. A 1915 aka buga Bishara ta hannun Markus da Bachamanci, shekara 17 kafin a gama buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932.

Duniya kuma ba ta tsaya domin ya yi aikinsa cikin kwanciyar rai ba. Bai cika shekara a Numan ba Yaƙin Duniya na Fari ya tashi, a watan Agusta 1914. Iyakar Kamaru, wadda take hannun Jamus a lokacin, ba ta da nisa da Yola. A watan nan sojan Ingila suka tashi daga Yola suka fāɗa wa Garwa, aka kore su, garin bai faɗi ba sai Yuni 1915. Jiragen da ke kawo wasiƙa da magani daga Turai suka shiga hatsari a teku.

In mun koma ga Timothawus, za mu ga irin wannan zama. Bulus ya ambaci ciwon cikinsa da yawan rashin lafiyarsa (1 Timothawus 5:23). Ya aike shi Tasalonika, ya aike shi Koranti, ya bar shi a Afisa ya yi fama da masu gardama waɗanda suka girme shi. A wasiƙarsa ta ƙarshe, tsohon manzon yana kurkuku, abin da ya roƙa shi ne saurayin ya zo da sauri kafin lokacin sanyi, ya kawo masa mayafin da ya bari a Taruwasa, da littattafansa. Abafaroditus, wanda mutanen Filibi suka aika da gudunmawa, ya yi ciwo har ya kusa mutuwa, abin da ya dame shi kuwa shi ne mutanen gida sun ji labari hankalinsu ya tashi. Mayafi, da magani, da wasiƙa, da kewar gida, duk Ruhu Mai Tsarki ya ga sun isa a rubuta su cikin Littafi. Ayar haddacewarmu ma ba ta ambaci babban taro ba. Abubuwan da ta jera wa saurayin su ne magana, da hali, da ƙauna, da bangaskiya, da tsarki, waɗanda maƙwabci yake gani kowace safiya.

Kada kuwa mu mai da 'yan mishan na dā mala'iku. Mutane ne masu rauni kamarmu. Sun zo a zamanin mulkin Turawa, waɗansunsu sun raina al'adun da ba su gane ba, waɗansu sun yi jinkirin ba 'yan ƙasa ragamar aiki. Bulus da Barnaba ma sun yi saɓani mai zafi har suka rabu, ana gab da fara tafiyar nan da muke karantawa (Ayyukan Manzanni 15:39). Allah yakan zuba dukiyarsa cikin tukwanen ƙasa, domin a san ikon nasa ne.

6. Abin da ya biyo baya

Aikin ya yi tafiyar hawainiya da fari. Yaran da suka koyi karatu a Numan su ne suka zama malamai da masu bishara, suka kai Maganar ƙauyuka da duwatsu inda Bature bai taɓa kwana ba. Sai a 1948, shekara 35 bayan saukar Bronnum, aka naɗa fastoci biyar na fari 'yan ƙasa. A 1956 ekklisiyar ta tsaya da ƙafafunta. A 1960 aka zaɓi Akila Todi shugabanta, ɗan ƙasa na fari a wannan matsayi, ya zama bishop a 1973. Bronnum ya rasu a 1966, ya rayu har ya ji yawancin wannan.

Yola fa? Garin da ya zo neman izini ya wuce, yau makarantar horar da fastoci mai ɗauke da sunansa tana Mbamba, a gefen Yola. Jimeta ta cika da majami'u na ɗarikoki iri iri, har da na Katolika, waɗanda limamansu na ƙungiyar Agustin suka iso daga Ailan a 1940. A 2017 aka zaɓi Akbishop Musa Panti Filibus shugaban tarayyar ekklisiyoyin Lutheran ta duniya, ya riƙe har 2023. Ekklisiyar da aka fara da mutum ɗaya mai makoki a bakin kogi ta ba da shugaba ga tarayyar da ekklisiyar Danmak take ciki. Kamar Asiya da Bitiniya, an buɗe ƙofar a lokacinta.

7. Abin da ya shafe mu

Da fari, ga samari da 'yan mata. Yau mu ne ake aikawa. Waɗansu cikinmu za su tafi ƙetare da sunan aikin bishara, waɗansu karatu ko neman abinci ko bautar ƙasa zai kai su cikin mutanen da ba su san harshensu ba. Kowannensu baƙo ne mai ɗauke da sunan Kristi. Kada ya auna amfaninsa da yawan waɗanda suka saurare shi a shekarar fari. Bari ya koyi harshe, ya gai da maƙwabta, ya biya bashinsa, ya riƙe karatun Littafi da addu'a ko da shi kaɗai ne a ɗaki. Ran da ƙofa ta rufe, ko takardar izini ta ƙi fitowa, ko ciwo ya kwantar da shi, kada ya ce Allah ya yashe shi.

Na biyu, ga ekklisiya mai aikawa. Mutanen Filibi ba su manta da Bulus ba, sun aika masa da taimako ba sau ɗaya ba (Filibiyawa 4:15-16). Talakawan Danmak ne suka riƙe Bronnum da 'yan kuɗinsu da addu'arsu. Mu fa? Sau nawa mukan ɗora wa saurayi hannu ran Lahadi, mu raka shi tasha da waƙa, bayan wata uku ba mai tambayar ko ya ci abinci? Iyayenmu sun jira wasiƙa makonni, mu kuwa waya tana aljihunmu. Idan mai bisharar da muka aika ya rasa kuɗin asibitin matarsa, alhakin yana wuyanmu.

Na uku, ga mu masu karɓar baƙi. Lidiya ta matsa wa manzannin su sauka a gidanta. A ƙarshen 2014, sa'ad da Mubi ta fāɗa hannun 'yan Boko Haram, dubban mutane suka gudo Yola da Jimeta. Majami'ar Santa Teresa ta Jimeta ta buɗe harabarta, gidaje da yawa na Kirista da na Musulmi suka raba ɗaki da tuwo da mutanen da ba su taɓa gani ba. Mun ga da idonmu cewa karɓar baƙo aikin Allah ne. Muna zaune da maƙwabta Musulmi, kasuwarmu ɗaya, rijiyarmu ɗaya. Bari shaidarmu a cikinsu ta zama da ladabi da tawali'u, kamar yadda 1 Bitrus 3:15-16 ta umarce mu.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wace shaida ce aka ba Timothawus kafin Bulus ya ɗauke shi? Wa ya ba da ita? Me wannan yake koya mana game da zaɓen waɗanda za mu aika?
2. Ƙofa nawa aka rufe wa Bulus da abokansa kafin Taruwasa? Yaya mai bi zai bambanta ƙofar da Allah ya rufe da wahalar da ya kamata ya jure?
3. Bronnum ya ci gaba zuwa Yola, Dagmar Rose ta koma da jaririn. Za mu iya cewa ɗaya ya fi ɗaya yi wa Ubangiji hidima? Don me?
4. Waɗanne al'adu namu ne za mu iya bari saboda mutanen da muke zaune cikinsu, waɗanne abubuwa ne kuma ba za mu iya bari ba?
5. Wane ne ekklisiyarmu ta aika, ko wane ɗanmu ne yake zaune a nesa? Yaushe muka ji daga gare shi? Me za mu yi masa a wannan mako?

Addu'a

Ya Ubangiji Allahnmu, kai da ka bi da Timothawus a hanyoyin Asiya, ka kuma riƙe bawanka a Rumasha da Yola da Numan, muna gode maka domin waɗanda suka bar gida har Maganarka ta iso gare mu, da iyayenmu waɗanda suka karɓe ta suka kai ta gaba. Ka tuna da 'ya'yanmu da suke baƙunci a ƙasashen nesa. Ka ba su haƙuri a ranar jira, da lafiya, da abokai na kirki, da harshen da za su yi magana da shi. Ka ta'azantar da waɗanda suka binne nasu a bakin aiki. Ka gafarta mana mantuwar da muka yi da waɗanda muka aika, ka buɗe hannuwanmu da gidajenmu. Ka ba garuruwanmu Yola da Jimeta salama. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.